Tun Ran Gini Ake Zane: Amsa ga Magidancin da Ke Shirin Gina Gidan Iyali

Wani magidanci daga Kano ya aiko mana da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekaruna 38, ina da mata ɗaya da 'ya'ya uku: mace mai shekara 6, da maza biyu masu shekara 4 da 2, kuma maiɗakina tana da juna biyu. Mun daɗe a gidan haya, ciki da falo, muna haɗa banɗaki da wasu iyalai uku. Bara Allah ya hore mini fuloti mai ƙafa 50 da 100 a bayan gari, kuma na tara abin da zan fara gini da shi. Maiɗakina tana son babban falo, kuma kowane yaro ya samu ɗakinsa da banɗaki a ciki. Maginin da aka haɗa ni da shi ya ce in cike filin da ɗakuna shida tun yanzu don kada in yi da-na-sani. Da na yi lissafi, kuɗina ba za su kai wannan gini ko linta ba. Ga mahaifiyata ta fara manyanta, kuma ni ne babban ɗanta namiji. Maganar ta fara jawo mana saɓani a gida. Wane irin gida zan gina da zai ishe mu yau, kuma ba zai matse mu ba idan yaran sun girma?"

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya albarka a filin, ya kuma sauki maiɗakinka lafiya.

Kafin a ƙirga ɗakuna, ina so mu fara ƙirga shekaru. Mai ɗaukar albashi ba ya gama gida a rani ɗaya, saboda haka ranar da za ku tare, mai yiwuwa 'yarka ta kai shekara takwas ko tara. Shekara goma daga yau za ta zama budurwa mai shekara 16, ƙannenta maza suna da 14 da 12, wanda ke ciki yanzu yana dab da cika 10. Shekara ashirin daga yau, da yardar Allah tana ɗakin mijinta, babban ɗanka namiji yana da 24, yana dawowa gida bayan kowa ya kwanta, abokansa suna sallama da shi a ƙofar gida. Bayan wannan da shekara biyu kai kanka ka cika 60, lokacin da dokar aikin gwamnati ta ce ka ajiye aiki idan ba ka riga ka cika shekara 35 kana yi ba. A tsakanin waɗannan shekaru Hajiya za ta iya dawowa hannunka, 'ya mace za ta iya zuwa wankan jego, ɗa namiji zai iya buƙatar inda zai fara ajiye amarya. Ka ga ke nan iyalin da za su zauna a wannan gida za su sake kama aƙalla sau huɗu, kuma babu zanen ɗakuna shida da za a yi yau wanda zai dace da kowane zubi daga cikinsu.

Addini ma ya riga ya tsara maka wani ɓangare na zanen. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, an umarci iyaye da su sa yara salla suna da shekara bakwai, a kuma raba musu wurin kwana idan sun kai goma. A Suratun Nur, aya ta 58, an ambaci lokuta uku da yaran da ba su balaga ba za su nemi izini kafin su shiga wurin iyayensu: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi da tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Ma'anar wannan ga mai gini ita ce, ɗakin iyaye ya samu ƙofarsa da ba hanyar wucewa ba ce, kuma nan da shekara huɗu ka tanadi inda 'yarka za ta kwana daban da ƙannenta maza. Wannan shi ne wajibin da ke da wa'adi a kanka. Ɗaki ga kowane yaro ba ya cikinsa.

Kakanninmu sun san wannan matsala, kuma gidan Bahaushe na gargajiya amsarta ce. Mutum yakan fara da katanga da zaure da ɗaki ɗaya ko biyu, sauran filin ya bar shi a buɗe. Idan iyali suka ƙaru a yi tubali a ta da wani ɗaki a jikin katanga; idan yaro ya tasa a fitar da shi daga cikin mata a ba shi ɗakin samari kusa da zaure; idan ya yi aure a yanka masa sashe; idan tsoho ya rasu ɗakinsa ya koma hannun wani ko ya zama wurin ajiya. A gidan da na taso cikin birni, ɗaki guda na san shi yana ɗakin kakarmu, na san shi yana ɗakin yayyenmu maza, daga baya aka fasa masa ƙofa ta waje ya zama shagon tela, kuma ba a taɓa rushe komai ba sai wurin ƙofar. Abin da ya ba gidan ƙasa wannan sauƙi shi ne filin da aka bari a tsakiya da kuma ɗakunan da ba a ɗaure kowanne da aiki guda ba. Da muka koma ginin bulo da siminti, sai muka ɗauko zanen da ke dunƙule komai a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowane ɗaki da sunansa tun a takarda, muka zagaye shi da ɗan lungun da ko shanya ba ta isa. Ba ina cewa ka koma tubali da azara ba ne. Ina cewa ka ɗauki tunanin, ka zuba shi a bulo.

Ga ma'aunin da nake so ka riƙe duk lokacin da za ka fitar da kuɗi. Akwai abubuwan da idan aka binne su ko aka zuba su, gyaransu sai da rushe-rushe: fandisho, ginshiƙai, tsayin bango, wurin da ginin ya zauna a cikin filin, bututan ruwa da na ƙazanta, wurin sokawe, da bututan da wayar lantarki ke bi a cikin bango. Akwai kuma waɗanda za a iya yi ko sakewa kowace shekara ba tare da an taɓa lafiyar gini ba: bangon da ke raba ɗaki, tayil, silin, fenti, ƙofofin ciki, kayan banɗaki. Kuɗin da ka tara su tafi kan rukuni na farko, a yi shi da inganci kuma a yi shi da lissafin shekara talatin. Rukuni na biyu ya jira albashi. Yawancin gidajen da ka gani sun tsaya a linta shekara da shekaru a unguwannin bayan gari, ciyawa ta fito a cikinsu, masu su sun baza kuɗinsu ne a kan faɗin da ba za su iya rufewa ba, alhali rabin wannan ginin da an rufe shi da tuni sun huta da biyan haya.

A matakin farko, ka gina ɗakinku da banɗakinsa, da falo matsakaici, da kicin da sito, da banɗaki ɗaya na yara da baƙi, sai kuma ɗakin yara. A kan wannan ɗaki na ƙarshe nake so in daɗe, domin shi ne zuciyar tambayarka. Ɗakin da magina suka saba yankawa ƙafa 12 ne da 12. Kai ka sa a yi maka guda mai ƙafa 12 da 24, amma a gina shi kamar ɗakuna biyu ne da aka manta ba a sa bango a tsakaninsu ba. Kowane rabi ya samu ƙofarsa da tagarsa, da maƙalin fankarsa, da ƙwansa da makunninsa, da wurin jona wuta aƙalla biyu. A daidai layin da bangon zai zauna nan gaba, a ƙara kaurin kankaren daɓe tun yanzu domin ya ɗauki nauyin bulo. Muddin yaran suna ƙanana, ɗaki ne mai faɗi da za su yi wasa su baje littattafansu, uwarsu tana ganinsu gaba ɗaya da leƙawa guda, ƙofa ta biyu kuma a rufe take. Ranar da 'yarka ta kai munzalin rabuwa, birkila zai jera bulo mai inci 6 a tsakiya, ya yi shafe, cikin 'yan kwanaki ɗaki ɗaya ya zama biyu, ba a fasa bango ba, ba a kira mai wayarin ba. Idan kuma bayan shekara ashirin gida ya yi shiru, wannan bango ba ya ɗauke da nauyin rufi, ana iya cire shi ɗakin ya koma yadda yake.

Irin wannan dabara tana aiki a bangon waje ma. Duk inda kake tsammanin wata rana za a jona sabon ɗaki, ko a fitar da ƙofa zuwa tsakar gida, ka sa a zuba linta a wurin tun ana gini, a cike ƙarƙashinta da bulo kamar sauran bango. Idan lokaci ya yi, bulon kawai za a zare. Haka bututan banɗakin da ba a gina ba tukuna: a shimfiɗa su zuwa sokawe yanzu da ƙasa take a buɗe, a toshe bakinsu. Kuma kafin a yi shafe, ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka yadda bututai suke kwance a cikinsa, ka adana, domin nan da shekara goma babu wanda zai tuna inda suka bi, har wanda ya sa su.

Gaban filin, wajen titi, ka bar shi da niyya. Nan ne mataki na biyu zai zauna: ɗaki guda da ɗan banɗakinsa kusa da ƙofar gida, mai ƙofa biyu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki. Zauren kakanninmu ke nan a sabuwar riga. Da farko wurin karɓar baƙinka maza ne, wanda zai sauke wa falo rabin nauyinsa, kuma maiɗakinka ba za ta riƙa neman mayafi duk lokacin da aka yi sallama ba. Malamin da ke koya wa yara karatu da yamma a nan zai zauna. Idan samarinka suka kai shekara 15 zuwa sama, nan za su koma, abokansu ba sa ratsa cikin gida, kai kuma ƙofar ciki tana ba ka damar sanin wanda ya shiga da wanda ya fita. Idan sun tashi, ka toshe ƙofar ciki ka ba da shi haya ko ka mai da shi shago, ya zama ƙari a kan fansho.

Ɗakin Hajiya kuwa ya bambanta da wannan, kuma kada ka yarda a ce ɗakin ƙofar gida zai wadatar da ita. Tsohuwa tana son ta ji motsin jikokinta, ta ga tsakar gida daga inda take zaune, amma ba ta son a mai da ɗakinta hanya. Ka ware mata wuri a jikin babban ginin, ta ɓangaren da rana ba ta dukansa da yamma, da banɗaki a ciki wanda ba shi da dakali ko santsi, da ƙofofi masu faɗin santimita 90 domin ko keken marasa lafiya ya iya wucewa. Ko ba a gina shi a matakin farko ba, a zuba fandishonsa tare da sauran. Wannan ɗaki ba zai taɓa zama ba kowa ba: idan ba Hajiya, to 'yarka ce da jaririnta na fari har su yi arba'in, ko 'yar'uwar da aure ya ƙi, ko kuma kai da kanka ranar da gwiwa ta fara ciwo.

Yanzu maganar maiɗakinka. Ina roƙonka kada ka ɗauki buƙatarta a matsayin son burga. Matar da ta yi shekaru tana riƙe da buta tana jiran maƙwabta su fito daga banɗaki, tana wanke wa yara jiki a gaban idon mutane, idan ta ce kowane ɗa nata ya samu banɗakinsa, abin da take faɗa shi ne ba ta son 'ya'yanta su ɗanɗani abin da ta ɗanɗana. Ka fara amsa mata wannan kafin ka kawo lissafin kuɗi. Bayan haka ku duba tare abin da banɗaki biyar ko shida ke nufi a unguwar da ruwan famfo bai kai ba, inda ake dogara da rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa. Kowane banɗaki yana son ruwa da wanki kullum, kuma wanda aka daɗe ba a zuba masa ruwa ba, ruwan da ke tare wari a bututunsa yakan bushe, warin sokawe ya dawo cikin ɗaki. Ga yaro mai rarrafe ko mai shekara biyu, bokitin ruwa a banɗakin da babu mai gani haɗari ne na gaske. Ga matashi kuma, ɗakin da yake da komai a ciki, da waya a hannu, ɗaki ne da zai iya yini bai fito an ga fuskarsa ba, kuma ban ga alherin wannan ga tarbiyya ba. Abin da ya fi shi ne a raba banɗakin yara gida biyu, wurin wanka daban, masai daban, kowanne da ƙofarsa, domin da safe lokacin shirin makaranta mutum biyu su yi amfani da shi a lokaci guda. Idan 'yarka ta girma, bututun da ka binne yana nan, sai a yi mata nata.

A madadin abin da ta rage, ka ba ta abin da za ta mora kullum. Kicin ya zama mai faɗi da taga babba, da ƙofar da ke fita tsakar gida, inda za a yi girkin itace ko gawayi ranar suna da ranar salla. Sito ya ɗauki buhunan hatsi na shekara. A yi baranda mai inuwa inda za a yi tsifa da kitso da tsintar shinkafa. Babban falo kuwa, a ganina shi ne ɗakin da ya fi cin kuɗi ya fi ƙarancin aiki a gidajenmu na yanzu: a zuba masa kujeru, a hana yara shiga, a buɗe shi sau biyu a shekara. Taron da ake gina shi dominsa, na biki ko na zaman makoki, ba ya taɓa shiga falo komai girmansa. A tsakar gida ake shimfiɗa tabarmi.

Shi ya sa ban yarda da shawarar magininka ba. Ba na zarginsa da mugun nufi, amma ka sani cewa yawancin birkiloli da yawan bulon da suka jera ake biyansu, don haka da wuya wanda ke wannan sana'a ya ce maka ka rage gini. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 murabba'in ƙafa 5,000 ne, kuma matakin farko da na zayyana maka ba zai ci sulusinsa ba. Ka jera ginin a gefe ɗaya da baya, ya yi kusurwa, ka bar tsakiya. A Kano, daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce, kuma a wannan lokaci ne cutar sanƙarau ke yaɗuwa, musamman inda mutane suka cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Gidan da ya cike filinsa ba shi da inda iska za ta fito, ba shi da inda za a shimfiɗa katifa a waje da dare. Kowane ɗakin kwana ya samu taga a bango biyu, silin kada ya gaza ƙafa 10, bangon yamma kuma a jingina masa sito da banɗaki domin su shanye zafin la'asar. Tagogin ɗakin yara, aƙalla ɗaya a yi mata ƙarfen tsaro mai buɗewa daga ciki, saboda gobarar hunturu.

Idan kana da burin bene, yanzu ne lokacin yanke shawara, domin ba a ɗora bene a kan fandishon da aka zuba don gidan da ba bene ba. Wannan ba aikin birkila ba ne, komai daɗewarsa a sana'a. Aikin injiniya ne mai rajista da COREN (hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya), wanda zai duba ƙasar ya ƙayyade zurfin fandisho da kaurin rodi da yawan ginshiƙai. Ni dai a fili kamar naka ban ga larurarsa ba, ga tsadar dekin, ga matattakalar da ke wahalar da tsoho da ƙaramin yaro. Amma idan ka zaɓe shi, kada a bar rodin ginshiƙai a tsaye a sama suna shan ruwan damina shekara da shekaru suna tsatsa. A lulluɓe su da kankare marar ƙarfi wanda za a fasa idan an tashi ci gaba.

Ka nemi ƙwararren mai zanen gini ya zana maka gidan gaba ɗaya, har da matakan da ba za ka gina yanzu ba, ka kai wa hukumar tsara birane ta Jihar Kano, wato KNUPDA, ta amince da shi, ita ce kuma za ta faɗa maka tazarar da doka ta ce ka bari tsakaninka da titi da maƙwabta. Kuɗin zane kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin rushe bango ɗaya. Kuma ka ce wa mai zanen ya yi tunanin abin da ba a son ambata, wato ranar rabon gado. Mun sha ganin gidajen da aka tilas sayarwa saboda ba su rabuwa, uwar 'ya'ya ta koma haya da tsufanta. Gidan da ɓangaren gabansa zai iya tsayawa da kansa, da ƙofarsa da banɗakinsa da mitarsa, yakan ba magada zaɓin da gidan dunƙule ba ya bayarwa.

Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, ka ɗauki maiɗakinka ku je filin da la'asar, da igiya da turaku da toka. Ku zana ɗakunan a ƙasa da girmansu na gaskiya, ta tsaya a cikin kicin ɗinta ta ga ko daga nan za ta hango inda yara ke wasa, ku ga inda inuwa ta faɗi da inda rana ke duka. Abin da ta ƙi a takarda za ta iya karɓarsa idan ta taka shi da ƙafarta, kuma za ta nuna maka kurakuran da kai da mai zane ba za ku gani ba, domin ita ce ke yini a gida. A wannan zuwan ku zaɓi inda za a dasa darbejiya ko mangwaro, nesa da fandisho da sokawe saboda saiwa, ku dasa a farkon damina mai zuwa, ku kewaye shi da bulo don awaki.